Abin da Dogari Ya Gani a Taska

An ruwaito, ni kuwa na tsinci ruwayar a wani littafi da gara ta ci gefensa, cewa a Birnin Gangara an yi wani Sarki mai suna Jatau. Adali ne, amma mutum ne da ba ya iya jiran tuwo ya huce. Yana da wata taska a ƙarƙashin ƙasa, ba ta da taga, fatake na ajiye goro a cikinta saboda sanyinta.

Wata rana da azahar aka nemi takobin kakan Sarki da ke rataye a taskar, aka rasa. Sai wani dogari mai suna Gajere ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tun hantsi ina tsaye a rana a bakin taskar. Na ji motsi, na leƙa sau ɗaya tak, na ga Nomau bafatake yana cusa takobin ƙarƙashin huhun goronsa, na ukun nan mai ɗaurin igiya biyu."

Aka shiga da fitila, ga takobi kuwa inda ya ce. Nomau ya rantse har muryarsa ta dushe. Sarki ya ce da la'asar a yanke masa hannu.

Waziri Barmo ya koma gida, zama ya gagare shi. Ya zauna ya miƙe, ya warware rawani ya sake naɗawa, aka kawo fura ya ture. Ya san Nomau shekara goma sha biyu, bai taɓa jin ya ɗauki ko tsinken wani ba, ga inuwa kuma sai tsawo take ƙarawa. Cikin kai da kawowar nan ya iske wani tsoho mai suna Ƙosau, wanda aka kira ya yashe rijiyar gidan, zaune a bakinta ya ɗaure ido ɗaya da tsumma.

Waziri ya ce, "Kai kuma Baba, ciwon ido kake yi?"

Ƙosau ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarsa lau. Aika shi na yi ya riga ni sauka. Mu biyu muka koyi sana'ar nan, ni da ƙanena. Ubangidanmu kan ce, in ka sauka daga rana kada ka taɓa komai, zauna tukuna sai duhu ya saki idonka. Ƙanena bai da haƙuri. Wata rana ya zura cikin wata tsohuwar rijiya, yana isa ya miƙa hannu neman madafa, ashe kumurci na kwance a wurin. Da na sauka ɗauko shi, sai da na daɗe tsugune ina kuka kafin na soma ganin fuskarsa. Tun ranar nake rufe ido ɗaya kafin in shiga, in na isa ƙasa in buɗe shi."

Waziri bai ko tsaya neman takalmi ba. Ya isa fada yana haki, ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, alfarma ɗaya nake roƙo. Ka tsaya a inda Gajere ya tsaya."

Sarki ya tsaya a rana yana tsaki, har gumi ya keto masa. Waziri ya ce ya leƙa sau ɗaya. Ya leƙa.

"Me Zaki ya gani?"

"Baƙi ƙirin, Waziri."

Suka sauka su biyu. Sarki ya ce a kawo fitila, Waziri ya ce a yi masa haƙuri. Sarki ya taka nan, ya taka can, ya yi tuntuɓe, sau biyu yana cewa zai fita. Can sai bango ya soma bayyana, daga nan huhunan goro suka fito ɗaya bayan ɗaya. Igiyoyin kuwa, sai da aka yi kamar dahuwar kunu kafin ya iya ƙirga su.

Sarki ya ce a kawo Gajere. Ya ce masa, "Ka faɗi gaskiya a kan huhu, ka faɗi gaskiya a kan igiya. Wanda ya ga wannan ba leƙawa ya yi ba, zama ya yi. Me ya zaunar da kai a taskata?"

Gajere ya amsa cewa shi ya ɓoye takobin don ya ɗauke daga baya, da ya ji ana cigiya sai ya ɗora wa Nomau.

Aka kwance Nomau ana kiran la'asar. Sai juya hannunsa yake yana kallo. Sarki ya ba Ƙosau riga da gona, ya kuma kafa doka cewa ba za a zartar da hukunci a ranar da aka kawo ƙara ba, domin mai shari'a ma daga rana yake shiga duhu.

An ce da Sarki ya hauro daga taskar, idanunsa na zubar da hawaye. Fadawa suka ce hasken rana ne. Mai littafin bai yarda ba, ni ma haka.