Magatakardan Da Ya Ƙi Sauya Wa Laifi Suna

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da dama da suka wuce, ana ce masa Malam Jatau. Magatakarda ne a ofishin 'yan doka. Ba ya kama kowa, ba ya yanke hukunci. Aikinsa, ƙarshen wata ya jera laifuffukan da aka kawo, sata a layin sata, duka a layin duka, a aika babban birni inda ake haɗa ƙididdigar ƙasa.

To, ku saurara. Ran nan aka kawo ƙarar wata mata, an tare ta a hanyar rafi an yi mata fyaɗe. Ita ce ta uku a watan, duk a hanya guda. Shugaban ofis ya ce, "Jatau, zuba su a layin duka. So kake a ce garinmu ya lalace?"

Malam Jatau na fitowa sai ga wan matar, ido jawur. "Malam, don Allah ka rufa mana asiri. Rubuta fashi aka yi mata."

Jama'a, bawan Allah ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ɗauki alƙalami, ya ajiye. Ya fita ya yi alwala, ya dawo, ya sake fita. Abincin da aka aiko masa daga gida har ya huce bai buɗe kwanon ba. Ga tsoron na sama, ga tausayin na ƙasa.

Can ya kira wan matar gefe. Ya ce, "Ɗan'uwa, takardar nan ba ta ɗaukar sunan kowa, adadi kawai. Sunan ƙanwarka ba zai fito daga bakina ba har in koma ga Allah. Amma in na sauya wa laifin suna, wa na rufa wa asiri? Ita, ko wanda ya cuce ta?"

Mutumin ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

Malam Jatau ya rubuta: fyaɗe, uku. Shugaba ya fusata, ya sa aka mayar da shi wani ƙauye mai nisa. Amma a birni aka ga ukun nan, aka turo masu bincike. Kafin damina ta faɗi, an kama azzalumin, mata suka koma ɗiban ruwa ba fargaba.

Kun ji ko? Sutura ta wanda aka zalunta ce, ba ta azzalumi ba. Kai mai unguwa, kai uba, ke uwa, ranar da aka kawo muku irin wannan magana kuka ce "tsautsayi ne", ko "wasan yara ne", ku sani kun share wa mugu hanyar gidan maƙwabcinku. Ku ɓoye sunan wadda aka cuta, ku kira laifi da sunansa. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da murya na rawa.