Tsohon da Ya Ce Ya Ƙoshi

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. Yau ba labarin ɓarawo na zo muku da shi ba, ba kuma na mashayi ba. Maganar tauna abinci ce. Na ga wasu har sun yi murmushi. To, ku bari in gama tukuna.

An yi wani mutum, kafinta ne, mai hannu da kyau. Idan ya haɗa maka ƙofa, sai dai ginin ya tsufa ya bar ta. Yana salla a kan lokaci, ba ya cin amanar katakon mutane, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Aibinsa guda ne, kuma shi bai ɗauke shi aibi ba. Mutumin nan ba ya tauna abinci. Loma na shiga bakinsa sai maƙogwaro, kafin ta sauka ya riga ya ɗebo ta biyu. Abokan sana'arsa suka laƙaba masa suna Mazurari, shi kuwa daɗi yake ji idan an kira shi haka. Cewa yake yi zama kan abinci aikin marasa abin yi ne.

Mahaifinsa ne ya koya masa kafinta. Tsohon mutum ne mai sanyin hali, komai nasa a hankali. Tun kafintan yana ƙarami, idan suka zauna cin abinci a bakin shago, uban yakan tsame hannu ya jira shi, yana cewa ya tauna, babu mai ƙwace masa. Yakan yayyaga masa nama ƙanana, ya tura masa gabansa. Yaro ya girma ya manta da wannan duka, kamar yadda yawancinmu muka manta.

Da tsufa ya kama uban, matarsa ta rasu, idanu suka yi rauni, sai kafintan ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa. Ya gyara masa ɗakin da ke kusa da ƙofa, ya haɗa masa gado da hannunsa, ya yi masa kujera mai wurin jingina. Ya kuma kafa doka a gidan: ba za a zuba wa Baba abinci shi kaɗai kamar baƙo ba, faranti ɗaya za su riƙa ci, rana da dare. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Shi ma ya kama faɗa a shago da ƙofar masallaci, cewa shi bai iya kai loma baki ba sai da mahaifinsa a gefe.

Abin ya yi kyau a ido, ko ba haka ba? To ku shigo ɗakin ku ga yadda cin yake.

Matar kafintan za ta kawo shinkafa da nama, ta ajiye a kan ƙaramin teburin da ke tsakaninsu. Kafintan zai shigo da garin katako a gashin kansa, ya wanke hannu sama-sama, ya yi bisimilla rabi a baki rabi a ciki, ya hau ci. Tsoho kuwa haƙoransa sun zube, 'yan kaɗan suka rage a gefe guda. Zai ɗebi 'yar loma, ya kai ta wancan gefen, ya yi ta juya ta a hankali. Kafin ya haɗiye ta uku, ɗan ya share gabansa, ya shiga gaban uban, ya miƙe yana goge baki.

Ɗan na miƙewa, sai tsoho ya janye hannunsa, ya ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

Me ya sa? Ai kun san dattawanmu. Mutumin da ya yi shekaru yana ciyar da gida, yau ga shi a gidan ɗansa, ana ciyar da shi. Ba zai yarda a gan shi zaune shi kaɗai yana bin gefen faranti bayan mai gida ya tashi ba, kada surukarsa ta ce tsohon nan akwai ci. Kunya ta fi masa yunwa ciwo. Kullum haka, da rana da daddare.

Sau ɗaya tak ya gwada magana. Ranar an dafa nama mai ɗan tauri, yana ta fama da yanka guda, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, ɗan sassauta mana. Tauna, abincin ba gudu zai yi ba."

Kafintan bai ko dube shi ba. Ya ce, "Baba, ni aiki ke jirana. Ba zan zauna ina lallashin shinkafa ba."

Bai ɗaga murya ba, bai yi zagi ba. Amma tsoho ya ji abin da ke cikin maganar, bai kuma sake buɗe baki a kan haka ba har ya bar duniya.

Matar gidan mace ce mai lura. Ta ga rigar Baba ta fara yi masa yawa, ta ga agogon hannunsa yana zamewa har kusan gwiwar hannu. Ta gwada kai masa shayi da burodi da hantsi, yakan karɓa wani lokaci, wani lokaci ya ce kada ta wahalar da kanta, ai sun ci tare da mai gida. Da abin ya dame ta, sai ta sami mijin ta ce masa Baba fa yana ramewa, ko dai ya riƙa jiransa ya gama, ko kuma ya bari ta riƙa dafa masa mai laushi daban ya ci a natse. Sai kafintan ya fusata. Ya ce so take a ce ya ware ubansa? Ya ce tsufa ne, kowane tsoho ramewa yake yi, kuma ai da bakinsa yake cewa ya ƙoshi. Ta bar maganar, don ba ta son a ce suruka ta shiga tsakanin ɗa da uba.

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan wurin. An faɗa masa. Ba jahilci ba ne kuma. Allah ya aiko masa da tunatarwa ta bakin uba, ya sake aiko masa ta bakin mata, ya ture duka biyun, saboda yabon da ake yi masa a waje ya fi masa daɗi a kan gaskiyar da ke cikin ɗakinsa.

Wata rana tsoho ya tashi zai yi alwala, jiri ya kwashe shi, ya faɗi a bakin ƙofa. Aka kai shi asibiti. Likita ya duba shi, ya ɗaga hannun rigarsa ya ga abin da ya rage, sai ya juyo ya tambayi kafintan ko suna ba shi abinci kuwa. Kafintan ya ji kamar an mare shi. Ya ce shi da ubansa faranti ɗaya suke ci kullum, a je a tambayi kowa a unguwa. Tsoho daga kan gado, da 'yar muryarsa, ya ce, "Ina ci, likita. Yaron nan ba ya hana ni komai."

Kun ji uba. Yana kwance a wannan hali, amma mutuncin ɗansa yake karewa.

Aka sallame su da magunguna da shawarar a kula da cinsa. Kafintan ya sayo kaji, ya sayo madara, ya sayo 'ya'yan itace, duk unguwa ta gani. Amma zaman cin bai canja ba. Kajin da ya saya don uban, kusan duka a cikin shi kafintan suka ƙare. Da wani ɗan zazzaɓi ya zo, irin wanda mai ƙarfi kan kwana biyu ya miƙe, bai sami abin da zai tare shi a jikin tsoho ba. Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki mutane suka yi ta cewa kafintan ya yi wa mahaifinsa duk abin da ɗa zai yi. Shi ma ya yarda da haka, ya kwana da zuciya fes.

Shekaru suka shuɗe, yaransa suka girma, babban ɗansa ya kama sana'ar. Sai cikin kafintan ya fara ba shi labari. Da fari ƙwannafi ne, sai zafi a ƙirji, sai ya kai duk abin da ya haɗiya ya tsaya masa kamar dutse. Ya yi ta dannewa da jiƙe-jiƙe har ranar da aka kwashe shi daga shago a sume. Aka yi masa aiki. Likita ya ce daga yau ci kaɗan-kaɗan, kuma kowace loma ya tauna ta har ta zama ruwa a bakinsa kafin ya haɗiye, in ba haka ba zai dawo kan wannan gadon.

Ƙarfi ya tafi. Hannun da ke jan zarto tun safe har yamma ya koma ba ya iya riƙe guduma. Shago ya koma hannun ɗansa, shi kuwa ya koma ɗakin nan na kusa da ƙofa, don ya fi sauƙin fita. Ya zauna a kan kujerar nan mai wurin jingina, wadda ya haɗa da hannunsa.

Ɗan nasa yaro ne mai biyayya. Ya ce yadda Abba ya yi wa kakansu, haka shi ma zai yi masa, faranti ɗaya za su ci. Rana ta farko ya shigo da garin katako a kansa, ya wanke hannu, ya zauna. Kafintan ya ɗebi 'yar loma ya fara taunawa kamar yadda likita ya ce. Yana taunawa yana kallon hannun ɗansa yana kai da kawowa, ba tsayawa. A wurin wa yaron ya koya? Kafin uban ya haɗiye loma ta uku, saurayin ya share gabansa, ya miƙe yana cewa akwai mai jiran tagoginsa.

Kafintan ya dubi farantin. Yunwa yake ji sosai, tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Amma ga matar ɗansa tsaye a bakin ƙofa tana jiran ta ɗauke kwano. Bai san lokacin da hannunsa ya janye da kansa ba. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

Maganar na fita, sai ya gane muryar. Ya taɓa jin ta, a wannan ɗakin, daga wannan kujerar, rana da dare, shekara da shekaru. Ya tuna agogon da ke zamewa, ya tuna tambayar likita, ya tuna yankan naman nan mai tauri. Ya kira ɗansa ya dawo, ya riƙe masa hannu, hawaye na zuba, ya ce, "Kakanka bai taɓa ƙoshi a gidan nan ba. Ni na cinye masa abincinsa, yana kallona."

Daga ranar yaron ya koyi zama. Yakan tsame hannu ya jira uban, ya yayyaga masa nama. Amma kafintan bai ƙara jin daɗin abinci ba. Dole ya tauna a hankali, kuma duk tsawon taunawar nan tsohon yake gani a gabansa. Mutumin da bai taɓa ba loma lokaci ba, yanzu kowace loma tana ba shi lokacin tuna abin da ya yi. Yakan ce a kai shi kabarin uban, ya tsaya ya yi ta neman gafara, ya dawo ba wanda ya amsa masa. Ya yi sadakar abinci da sunan mahaifinsa iya ƙarfinsa. Ƙofar tuba a buɗe take, ba ni zan rufe wa bawan Allah ita ba. Amma kalmar "na yafe maka" daga bakin tsohon nan, ita ce ya nema har ƙarshen ransa bai samu ba.

Ya 'yan uwa, wa ya kashe wa mutumin nan kwanciyar hankali? Bai yi sata ba, bai daki kowa ba. Gaggawa ce kawai a kan abinci. Wanda ba ya tauna lomarsa bai san ɗanɗanon ni'imar da aka ba shi ba, to da me zai gode? Wanda idonsa ke kan loma ta gaba ba ya ganin fuskar wanda ke zaune kusa da shi. Ladabin cin abinci da aka koya mana, a ambaci sunan Allah, a ci daga gabanka, a ci a natse, ba don ciki kaɗai aka koya mana shi ba. Akwai haƙƙin jikinka a ciki, akwai haƙƙin abokin cinka.

Yau idan kun koma gida aka ajiye abinci, ku ɗebi kaɗan, ku tauna, ku ɗaga kai ku duba. Wa ke ci a hankali a gidanku? Tsohuwa ce, ko mara lafiya, ko ƙaramin yaro? Kada ku miƙe ku bar shi. Idan kuma dattijo ya ce muku ya ƙoshi, ku dubi farantin tukuna kafin ku yarda.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya yafe mana abin da muka tauye musu muna sane da wanda ba mu sani ba. Waɗanda nasu ke raye, Allah ya ba su haƙurin jiransu. Allah ya kiyaye mu da gaggawar da ke makantar da ido, ya kiyaye mu da nadamar da ke zuwa bayan an rufe kabari. Amin.