Balbela da Ƙudajen Idon Saniya

An yi wata Balbela mai ji da kanta, wadda ta shekara bakwai a gadon bayan wata Saniya tana cire mata kaska. Saniyar mai haƙuri ce, magana ba ta dame ta ba. Maƙwabcinsu Jaki kuwa, kowa cewa yake kansa ba ya ja.

"Ni da Saniya ai hanta da jini ne," in ji Balbela kullum. "Ko tari ta yi na san fassararsa. Kai kuwa Jaki, me ka iya ban da harbi?"

Wata rana makiyayi ya ja maraƙin Saniya zuwa kasuwa, ya dawo da igiya kawai. Balbela ko lura ba ta yi ba, tana can tana gyaran farin gashinta.

Washegari da hantsi ta hangi ƙudaje sun yi dafifi a idon Saniya. Ta yi tsalle ta dira kan ƙaho.

"Kai, yau take sallah! Ƙawata, Allah ya maimaita mana irin wannan rana!" Ta hau cafke su.

Jaki tun safe yake tsaye a jikin Saniya, ko ciyawa bai taɓa ba. Ya ce, "Ke Balbela, kin san abin da ya tara ƙudan nan?"

"Rabona mana!"

"Hawaye ne. An sayar da ɗanta."

Balbela ta leƙa. Wallahi sai a ranar ta fara kallon fuskar Saniya da kyau. Kunya ta rufe ta, ƙuda ya tsaya mata a maƙogwaro.

"Ayya ƙawata, ai da kin faɗa mini..."

"Jakin ma ban faɗa masa ba," in ji Saniya. Ta girgiza kai, Balbela ta faɗa tim cikin ɗanyen kashin shanu.

Ta tashi tana kakkaɓe jiki. "Oh ni Balbela, uwar sani! Ashe kaskar na sani, ban san Saniyar ba." Tun daga ranar, duk sanda ta matso, jela ce ke tarbarta.

Darasin wannan labari shi ne, yara, daɗewa tare daban, shaƙuwa daban, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Kada ku ga ina zuba ku ɗauka na fi Balbela. Shekaranjiya na cika ƙanwata da surutu har shayina ya huce, kafin na lura kuka take yi.