Ƙusar Yaya da Injin Ƙane

Akwai wani mutum mai injin yankan katako irin mai sarƙa, da shi yake ciyar da gidansa. Wata rana injin ya fara ihu shi kaɗai. Ko an saki makunnin, sarƙar ba ta daina gudu ba. Mutumin ya tsorata, ya ɗauke shi ya kai wa wansa, wanda ya san injina.

Wan ya kasa kunne, ya ce, “Zoben roba ne. Wanda ke rungume da karanshaf, sandar nan da ke juyawa a cikin injin. Ya tsufa, iska tana shiga ta inda bai kamata ba.”

Gaskiya kuwa ya faɗa. Ku riƙe wannan, gama ba sau biyu zan faɗa ba: wan yana da gaskiya.

Sai dai zoben nan a matse yake, da lallashi ake fid da shi. Ana sa 'yar siririyar ƙugiya, a ja nan kaɗan, a ja can kaɗan. Wan kuwa ya ga maƙwabta sun taru suna kallo. Ya ɗauko ƙusa irin ta rufin ɗaki, da guduma.

Ƙanen ya ce, “Yaya, a hankali fa.”

Wan ya ce, “Kai da ka bar shi ya lalace, kai ne za ka koya mini?”

Ya kafa ƙusa, ya buga. Zoben ya yi tsalle ya faɗi cikin ƙasa, mutane suka yi ta tafi. Ya sa sabo, ya ɗaure kome, ya miƙa wa ƙanensa.

Kashegari a daji injin ya yi ihun da ya fi na dā, ya yi zafi, ya ƙame a tsakiyar gungume. Wa da ƙane suka kai wa makaniki a gari. Da ya buɗe, sai ya ja da baya, ya riƙe baki.

“Wayyo! Wa ya yi wa injin nan haka?”

Ga zane mai zurfi a jikin karanshaf, daidai inda ƙusar ta bi. Makanikin ya ce, “Maigida, zobe ai ko'ina akwai. Amma wannan tabon, kowane sabon zobe ka sa, ta nan iska za ta bi.”

Wan ya ce, “Amma ai na cire abin da ya lalace!”

Ƙanen ya naɗe injinsa cikin buhu.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Injin zuciyar ɗan'uwanka ce. Tsohon zoben laifinsa ne, dole kuwa a fid da shi, ba wanda ya ce a bar shi. Ƙusar ita ce harshenka, gudumar kuma taron da ka tara kafin ka yi magana. To, me kuke kallona haka? Ni da na sha wahala na haɗa muku misali mai kyau irin wannan, ban kama sunan kowa ba, ban ko dubi wajen kujerun dattawa ba!

Idan ka ga ɗan'uwanka ya yi kuskure, ka je wurinsa kai kaɗai, da tawali'u, kamar yadda Ubangiji yake yi da kai. Laifinsa zai fita. Amma in da ƙusa ka fid da shi, duk wata maganar Allah da za a faɗa masa nan gaba, ta tabon da ka yi za ta zurare.