Furen Kaltuma a Tukunyar Siminti

Akwai wani tsohon direba a garin Gaya mai suna Hamani. Shekara talatin ya yi yana jan kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Gaya da Kwatano, har gwiwa ta ce masa ya isa haka. Mutum ne mai gaskiya, amma Allah ya zuba masa riƙo. In ka ɓata masa rai bana, ko bayan shekara goma zai gaya maka ranar, har da launin rigar da ke jikinka.

Matarsa Kaltuma ta rasu shekara uku da suka wuce. Ba ta bar zinariya ba, ba ta bar fili ba. Abin da ta bari wani tsiro ne a kan mangwaron tsakar gida.

Asalinsa, ta je ganin danginta a garin Bana, ta tarar iska ta kayar da wata giginya, ga tsiron manne a wuyanta. Ta ɓamɓaro shi, ta kawo shi Gaya cikin kwando, ta ɗaure shi da tsumma a reshen mangwaro.

Duk wanda ya gani sai ya ce kauci ne. Ita kuwa takan ce a duba da kyau. Kauci huda itace yake yi ya tsotse shi. Wannan zama kawai yake yi a kai. Saiwoyinsa farare ne, wasu sun rungume ɓawon itacen, wasu sirara sun miƙe sama suna tare busassun ganyen da ke faɗowa. Jikinsa gaɓa-gaɓa kamar ƙaramin rake. In rani ya yi sai ya fitar da furanni rawaya masu ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Saboda ɗigon nan ne ta sa masa suna Damisa.

Bayan rasuwarta Hamani ya karɓi aikin. Ya san Damisa ba ta son ƙasa, ba ta son ranar tsaka, ba ta kuma son a jiƙe ta kullum. Da safe yake yayyafa mata ruwa da tsintsiya, ya bar saiwar ta bushe kafin ya ƙara. 'Yarsa Ikilima, wadda ke aure a unguwar, ta sha tarar da shi tsaye ƙarƙashin reshen yana magana shi kaɗai.

To, maƙwabcinsa shi ne Alhaji Yazidu, mai fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan. Kuɗi sun zo masa da gudu, ya rushe gidan ƙasa ya tayar da bene, ya shafe katanga da farin fenti. Daga nan gaisuwa ma ta koma ɗaga yatsa ɗaya daga cikin mota.

Reshen da Damisa ke kai ya leƙa kan katangar nan.

Wata Asabar a cikin bazara, Hamani ya tafi suna a garin Bengu. Kafin ya dawo Yazidu ya sa an sare reshen, wai ganye na ɓata masa fenti. Reshe da Damisa duka suka faɗa cikin gidansa. Da an jefar da ita a bola, sai dai akwai wata baƙuwa 'yar kasuwa daga Kwatano a gidan. Tana ganin furannin ta riƙe baki.

"Alhaji, ka san abin da ka samu? Orkide ce wannan. A manyan otal na Kwatano kaɗai nake ganin irinta."

Shi ke nan, Yazidu ya ji kalmar otal.

Da Hamani ya dawo ya ga kututture a inda reshe yake, sai ya gane aikin maƙwabcinsa ne. Ya tafi ƙofar Yazidu, ya same shi zaune da abokansa suna shan shayi.

"Alhaji, reshe kam ka sare, na bar ka da Allah. Amma tsiron na marigayiya ne. Ka ba ni shi."

Yazidu ya ɗora ƙafa kan ƙafa. "Baba Hamani, abin da ya hwaɗo gidana nawa ne. Kun aje abu mai daraja bisa icce kamar tsumma. Kai mi ka sani ga hure? Sitiyari ka sani. Yanzu za ka ga yadda masu ilimi ke kula da shi."

Abokan suka kwashe da dariya. Hamani ya juya, amma idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Washegari aka kawo wata ƙatuwar tukunyar siminti aka ajiye a bakin get, inda rana ke duka tun hantsi har la'asar. Aka cika ta da baƙar ƙasar fadama da kashin shanu, aka binne saiwoyin Damisa har wuya. Yazidu ya ɗauki hoto ya watsa a waya. Ya ce ranar walimar buɗe gida, baƙinsa na Yamai za su ga abin da ba su taɓa gani ba.

Hamani ya wuce, ya kalli tukunyar sau ɗaya, ya san abin da zai faru. Sai ya yi murmushi, irin murmushin da ba na alheri ba.

Ikilima ma ta gani. Ta shigo gida hankali tashe.

"Baba, ka ga yadda sunka binne ta? Ai mutuwa za ta yi! Ka tahi ka hwaɗa mishi."

"In hwaɗa mishi mi? Ni sitiyari na sani."

"Baba, ta Inna ce hwa."

"Ki bar shi. Sai ya ji kunya gaban mutanensa kamar yadda ya kunyata ni."

Bayan kwana goma furannin suka zube, ganye ya fara rawaya, bakinsa ya ƙone. Walima saura sati biyu. Yazidu ya tambayi wannan ya tambayi wancan, babu wanda ya sani. Dole ya haɗiye girman kai, ya tsaya a ƙofar Hamani bayan sallar la'asar.

"Baba Hamani, abin nan shina lalacewa. Mi marigayiya take yi mishi?"

Jama'a, a nan ne Allah ya buɗe wa Hamani ƙofa. Da ya ce a ciro ta daga ƙasa, a wanke saiwa, a ɗaure ta a inuwa, da Damisa ta rayu, domin gaɓoɓinta suna nan da ƙarfi. Ya san haka sarai. Amma dariyar nan ta 'yan shayi tana kunnensa.

Ya gyara murya ya ce, "Ƙishi take ji, Alhaji. Zahin Gaya ba wasa ba. A ba ta bokiti biyu da sahe, biyu da marece. A ƙara taki."

Yazidu ya yi godiya ya tafi. Aka shiga kwarara ruwa. Kullum Hamani na zaune a dakalinsa yana kallon ruwan na malala daga tukunya, zuciyarsa fari ƙal. Har abinci ya ƙara ci a kwanakin nan.

Ranar walima motoci suka cika layi. Baƙin da suka ga hoto a waya suka ce a nuna musu orkide. Abin da suka tarar baƙaƙen karare ne a sunkuye cikin taɓo, ƙudaje na bi, ga wari na tashi. Wani daga cikinsu ya toshe hanci ya ce, "Alhaji, wannan ce ta otal ɗin?" Dariya ta ɓarke. Yazidu ya rasa inda zai sa fuskarsa, gumi ya jiƙa masa babbar riga.

Hamani yana dakalinsa, ya ji komai. Ya ce a ransa, yau na rama.

Da safe Yazidu ya sa aka mirgino tukunyar har ƙofar Hamani. Ko fitowa daga mota bai yi ba. Ya sauke gilashi ya ce, "Ga kayanka nan, ɗauki. Ni na gaji da wari." Kafin azahar an kawo masa furannin roba daga kasuwa an jera a bakin get. Ya ci gaba da harkarsa, bayan sati ɗaya ma babu mai tuna zancen.

Hamani ya durƙusa gaban tukunyar. Ya san ko gaɓa ɗaya ce ta rage da tauri, zai iya ɗaure ta a mangwaro ta sake tohowa. Ya zura hannu cikin taɓon ya jawo ta farko, ta narke a tafinsa. Ya jawo ta biyu, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, har ya kai ta ƙarshe. Babu ko ɗaya.

Ikilima ta iso ta tsaya a kansa. Ya ɗago kai, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗiyata, kin ga abin da mutumin nan ya yi muna?"

Ta ce a hankali, "Shi reshe ya sare, Baba. Ruwan kai ka ce a zuba."

Darasi: Wanda ya zalunce ka ya yi laifi, kuma girman kai yakan kunyata mai shi ko ba ka sa hannu ba. Amma kafin ka rama, duba da kyau ka ga da me za ka rama. Sau da yawa abin da kake ƙauna shi kake ƙonawa don wani ya ji zafi na kwana ɗaya, shi ya manta, kai ka zauna da rashin har abada. In kana da sanin da zai ceci wani abu, faɗi gaskiya ko ga wanda ya ɓata maka rai. Tura wannan labari ga duk wanda ka san yana riƙe da wani a zuciya, wataƙila ya sauke kafin lokaci ya ƙure masa.