Yadda Gizo Ya Ja Abokai Farautar Gadu

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso kusa da murhu."

"Ta zo mu ji ta, Iya Tabawa!"

Wata shekara Kunkuru ya noma rogo a bakin fadama, ya yi kyau har maƙwabta na zuwa kallo. Sai wani abu ya tasa gonar a gaba, kullum gari ya waye an tone kunya guda. Aka ce masa ai aikin Gadu ne, aladen daji. Ana nan ana nan, har saura kunya ɗaya tal, ita ce abincin iyalinsa har wata damina.

Yana zaune ya yi tagumi, sai ga Gizo rataye da baka ba tsirkiya, kwarinsa cike da tsinken tsintsiya.

"Kunkuru, share hawayenka, Sarkin Baka ya iso! Tara abokai, a yi guzuri, ni zan ja ku har ƙofar Gadu."

Alhali Gizo ko a mafarki bai taɓa ganin Gadu ba. Guzurin yake hange.

Kunkuru ya kira Zabo da Bushiya, matar Kunkuru kuma ta cika musu ƙwarya da dambu, suka kama hanya. Zabo ya ce, "Sarkin Baka, wai yaya kamannin Gadun nan?"

Gizo ya ce, "Kore ne shar, da ƙaho ɗaya a ƙeya. In ya yi tari, ganye zuba yake."

Ba su yi nisa ba sai ga wani ƙato a gefen hanya, durƙushe bisa gwiwoyinsa, kai a ƙasa. To ku sani, jikokina, Gadu in zai ci abinci durƙusawa yake yi. Su kuwa ba su sani ba.

Gizo ya ce, "Ikon Allah! Kun ga ɗan gidan mutunci? Tun daga nesa ya hango Sarkin Baka ya zube. Tashi, samari, na amsa. Farautar Gadu za mu, za ka?"

Baƙo ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Da abinci a ciki?"

"Da dambu."

"Mu je."

Kunkuru ya raɗa wa Gizo, "Bari dai in ji sunansa."

"Kai, ba ka da ta ido? A gidanku ana tambayar baƙo suna bai ci ya ƙoshi ba?"

Kunkuru ya ji kunya, ya bar zancen.

Tafiya ta miƙa, Kunkuru na can baya, idonsa a ƙasa. "Sarkin Baka, sawun baƙon nan irin wanda nake gani a gonata ne."

"Badukunsu ɗaya, shi ya ɗinka musu takalmi. Mu je!"

Suka ƙara gaba. "Sarkin Baka, haƙoran nan biyu da suka yi cirko-cirko fa?"

"Asuwaki ne, mutum ne mai tsabta. Mu je!"

Suka ƙara gaba, baƙo ya yi gyatsa. "Sarkin Baka, wallahi ƙamshin rogona nake ji!"

"Yunwa ce ta taɓa maka hanci. Kawo dambun nan in riƙe, kada ta sa ka ɓarna."

Kafin su kai gona, Gizo da baƙo sun riƙe dambu har sun lashe ƙwarya.

Da isarsu Gizo ya tsara yaƙi. "Mu huɗu za mu yi kwanto, mu fuskanci daji, kada wanda ya waiwaya. Kunyar rogo kuwa, sai mai ladabi zai tsare ta. Samari, ga amana."

Baƙo ya zube a gaban kunya.

"Kun gani? Har godiya yake."

Suka ba gona baya. Can sai suka ji ƙurus, ƙurus, ƙurus. Kunkuru ya ɗaga kai zai duba.

Gizo ya ce, "Haƙora yake cizawa don haushin Gadu. Kada ka waiwaya!"

Ina! Kunkuru ya juya, ya zuba da gudu. Amma gudun Kunkuru kun san shi. Yana isa, saiwar ƙarshe na wucewa maƙogwaro.

Ya tsaya yana haki. "Baƙo, ka ƙoshi?"

"Dam, Allah ya amfana."

"To, yanzu ya sunan?"

"Gadu. Da kun tambaya tun a hanya, ai da na faɗa."

Ya ɗaga wutsiya tsaye, ya kama hanyar daji yana taku ɗaya-ɗaya.

Zabo ya yi fir ya tashi. Bushiya ta dunƙule. Gizo kuwa tuni yana ƙolin tsamiya yana ihu, "Ai na gane shi tun farko! Dabara ce! Yanzu ciki ya yi masa nauyi, ku bi shi!"

Kunkuru ya dubi ramukan da suka zame masa gona, ya dubi busasshiyar ƙwarya da zai mayar wa matarsa. Sai ya ja kansa cikin ƙoƙonsa, ya ƙi fitowa. Shi ya sa har yau in ya ga baƙo, sai ya mayar da kansa cikin ƙoƙo.

To, jikokina, ba duk wanda ya durƙusa ne gaisuwa yake yi ba. Kuma in idonku ya gani, hancinku ya ji, kada mai baki ya sa ku yi shiru don kunya.

Ƙungurus kan kusu! Mai musu ya je ya tambayi Kunkuru ina rogonsa.