Gandun da Ya Mutu da Ƙishirwa Cikin Ruwa

An yi wani sarki a Birnin Tsamau, a zamanin da ya daɗe da shuɗewa, ana ce da shi Jatau, mutum ne mai kwarjini da wadata, sai dai Allah bai hore masa haƙurin sauraron abin da ba ya so ba. Yana da gandun alkama a bakin wani tafki mai ɗanɗanon kanwa kaɗan, kuma tun kakanni al'adar ita ce ruwa ya shiga gandun ta gabas, ya ratsa shuka, sannan ya fice ta magudanar yamma zuwa gonakin talakawa.

Wata rana wani bafade, irin waɗanda bakinsu ke noma musu tuwo, ya faɗi ya ce ruwan da ya taɓa ƙasar sarki ya fi ƙarfin gonar talaka. Maganar ta yi wa sarki daɗi, ya sa aka toshe magudanar da duwatsu da laka. Gonakin yamma suka bushe, masu su suka ɗaure kayansu suka watse, babu wanda ya tambayi inda suka nufa.

Da shekaru suka tura, sai wani farin ɓawo ya fara rufe gandun kamar an barbaɗa gari. Bakin ganye ya ƙone, alkama ta tsumbure, irin da aka shuka ya ƙi tsira, ana ƙara ruwa abin yana ƙara lalacewa. Fadawa suka ce ai Sarkin Noma Nomau ne ya binne sihiri, aka kuwa sare kansa ba tare da an tambaye shi ko kalma guda ba. Aka naɗa ƙanensa Cindo, da alkamar ta sake mutuwa shi ma aka sa masa mari aka jefa shi kurkuku.

A wannan hali ne Waziri Ilyasu, dattijo masanin shari'a, ya komo daga aikin hajji bayan doguwar tafiya. Sarki ya tara fada ya ce, "Waziri, faɗa mini abin da ke kashe shuka da ƙishirwa alhali saiwarta na cikin ruwa. Na rantse, in ka nuna mini mai laifi, ko wane ne shi, zan yi masa abin da na yi wa Nomau. In ka kasa, Cindo zai bi ɗan'uwansa."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a ba ni tukwane biyu da ɗan jinkiri."

Ya huda gindin ɗaya ya bar ɗaya, ya cika su da ƙasa iri ɗaya, ya shuka alkama, ya ajiye su a rana a ƙofar fada, yana ba su ruwan tafkin nan safe da yamma. Fadawa na wucewa suna dariya, wai tsufa ya mai da Waziri mai lambu, shi kuwa Cindo yana can cikin duhu yana jiran takobin hauni. Ba a daɗe ba alkamar tukunyar da aka huda ta miƙe shar, ta ɗayar kuwa ta yi rawaya ta kwanta, bakin tukunyar ya yi fari.

Waziri ya kawo su gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ɗanɗana wannan ƙasa da harshenka." Sarki ya lakata ya sa a baki, nan take ya tofar.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kowane ruwa yana ɗauke da gishirinsa. Idan ya sami mafita sai ya tafi da shi, idan aka tsare shi sai rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya rinjayi ƙasa. Gishiri kuwa jan ruwa yake yi, kamar yadda yake tsotse ɗanyar fata a hannun majemi, saboda haka saiwa ba ta iya sha, ita ma nata ake tatsewa. Babu sihiri a gandunka, babu kuma ha'incin manomi. Mai laifi shi ne wanda ya toshe magudanar yamma."

Launin fuskar sarki ya sauya. Can ya ce, "To, na rantse, Waziri. Yaya zan yi da wuyana?"

Waziri ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara, jinin Nomau ne ba ni da fatawar da za ta wanke maka shi. Ka kwance na raye, ka ɗauki nauyin marayun mamaci, ka buɗe abin da ka toshe. Ruwan farko zai fito da ɗaci, a karkata shi jeji, kada talakawa su sha zaluncin nan sau biyu."

Sarki ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ɗora shi a kan dukan alƙalan ƙasar, sannan ya karɓi fartanya ya fasa toshiyar da hannunsa, jama'a na kallo. Aka fito da Cindo, ya rame ƙwarai, ƙafafunsa duk gyambon mari. Sarki ya ce, "Sarkin Noma, ka yafe mini."

Cindo ya durƙusa da ƙyar ya ce, "Zaki, nawa na yafe. Na Yaya Nomau kuwa ba a hannuna yake ba, sai ranar da kuka haɗu."

An ce gandun ya farfaɗo bayan damina mai yawa, amma mutanen yamma ƙalilan ne suka komo, sarki kuma bai ƙara iya cin abincin da ya ji gishiri ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Ku sani, ya ku masu hankali, mai mulkin da ya yanke hukunci kafin ya yi tambaya yana iya gyara gonarsa daga baya, amma ba ya iya tayar da wanda ya kashe.